Liyari da Matsalar Tantance Kayan Tarihin Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa da kashe Sarkin Gobir Yunfa a 1808, kayan fada sun warwatsu. Don haka idan tsohon liyari ya fito wajen rabon gado a Isa ko Sabon Birni, yana da sauƙi a jingina shi ga zamanin Bawa Jan Gwarzo, saboda 1780 da ke jikinsa. Sai dai wannan shekarar rasuwar Sarauniya Mariya Tereza ce, kuma an ci gaba da buga kuɗin da ita, har a Landan daga 1936. Ashe ke nan rubutun bai isa hujja ba. Wajibi ne manazarci ya bi salsalar mallaka, daga hannu zuwa hannu, kafin magada su yi asara ko tarihi ya gurɓata.