Yadda Masu Ba Iyali Shawara Suka Koyi Zama da Masu Makoki

Aikin ba iyali shawara, wato sana'ar da ƙwararre yake tara mutanen gida ɗaya a ɗaki guda domin ya saurari damuwarsu tare maimakon ya keɓe mutum ɗaya, ya kafu ne a Amurka cikin shekarun 1950, amma ya daɗe bai waiwayi mutuwa ba, saboda irin gadon da ya tarar. A 1917 Sigmund Freud, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Ostiriya, ya wallafa maƙalar da ta ɗauki alhini a matsayin aikin da ke gudana cikin zuciyar mutum ɗaya, inda wanda aka yi wa rashi yake kwance ƙaunarsa daga mamaci sannu a hankali har ya iya ɗora ta a kan wani. Shi kansa Freud, shekaru bayan rasuwar 'yarsa Sophie a 1920, ya rubuta wa wani abokinsa cewa ba a samun madadin wanda aka rasa, sai dai maƙalar ce ta shiga littattafan koyarwa, wasiƙar kuwa aka bar ta a gefe.

Binciken asibiti na farko mai tasiri ya biyo bayan wata musiba ne. A daren 28 ga Nuwamba 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa a birnin Boston, ta hallaka mutum 492, kuma likita Erich Lindemann na babban asibitin Massachusetts ya zauna da dangin mamatan tare da wasu masu makoki, jimillarsu 101. Rahotonsa na 1944 ya bayyana yadda baƙin ciki yake sauka a jiki: yawan ajiyar zuciya, shaƙewar maƙogwaro, kasala, ganin surar mamaci ko'ina, zargin kai da saurin fushi. Ya yi zaton zama takwas zuwa goma cikin makonni huɗu zuwa shida za su wadatar, zaton da duk wanda ya taɓa binne ɗansa ya san ya yi gajarta ƙwarai.

A Ingila hankali ya koma kan matan da mazajensu suka rasu, inda Margaret Torrie ta kafa musu ƙungiyar Cruse a 1959, Colin Murray Parkes kuma ya bi rayuwar wasunsu a Landan tsawon shekarar farko ta rashi. Littafin Elisabeth Kübler-Ross na 1969 ya fi duk waɗannan shahara, alhali matakai biyar da ta zana, daga musantawa zuwa sallamawa, a bakin majinyatan da ke gab da mutuwa ta tattara su. Mayar da su ma'aunin masu makoki ya cutar da mutane da yawa, domin uwar da ba ta yi fushi ba, ko wadda kuka ya dawo mata bayan shekara biyu, sai ta ɗauka wani abu ne ya same ta.

Wanda ya juya akalar tunanin zuwa ga gida gaba ɗaya shi ne Murray Bowen, ɗan wani ƙaramin gari a jihar Tennessee, wanda danginsa suke da sana'ar shirya jana'iza, saboda haka tun yana yaro ya saba ganin gidajen rasuwa. Tsakanin 1954 da 1959 ya riƙa kwantar da masu taɓin hankali tare da iyayensu a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, abin da ya koya masa cewa damuwa tana yawo tsakanin 'yan gida, ba ta tsaya wa mutum ɗaya. A rubutunsa na 1976 ya bayyana abin da ya kira girgizar bayan rashi, ma'ana jerin matsalolin da ke ɓulla watanni ko shekaru bayan mutuwar wani jigo: wannan ya kwanta ciwo, wancan aurensa ya mutu, yaro ya lalace a makaranta, kuma babu wanda ya danganta su da rasuwar kakar da ita ce take haɗa kan kowa. Ya nuna cewa girman girgizar ya dogara da matsayin mamaci a gidan da kuma yadda 'yan gidan suka saba faɗa wa juna gaskiya. Don haka ya ƙi sakaya zance, yana ambaton mutuwa da binnewa da sunayensu, yana kuma ƙarfafa a kai yara wurin jana'iza, bisa hujjar cewa abin da yaro yake ƙagawa a ransa idan an ɓoye masa ya fi abin da zai gani ban tsoro.

Kafin wannan, a 1965, Norman Paul na Boston ya lura cewa rikicin ma'aurata da yawa yana da tushe a wani tsohon rashi da ba a yi kukansa ba, sai ya riƙa tambayar miji labarin mutuwar mahaifinsa a gaban matarsa, wadda sau da yawa a ranar take fara ganin hawayensa. Daga baya Monica McGoldrick ta daidaita taswirar dangi, wato zanen zuriya uku da ke nuna aure da haihuwa da mutuwa tare da shekarunsu, kuma a 1991 ita da Froma Walsh suka fitar da littafin da ya tsara aikin kamar yadda ake yin sa a yau. Mai ba da shawara yana tambayar wa ya sanar da wa, wa ya halarci jana'iza, wa aka hana, me aka faɗa wa yara, wa ya ɗauki nauyin da mamaci ya bari. Yana kuma kare bambancin yadda mutane suke jimami, musamman ma'auratan da suka rasa ɗa, inda shirun uba yakan zama wa uwa alamar rashin damuwa, kukanta kuma ya zama masa nauyin da ya kasa ɗauka. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa suka tattara hujjojin da ke nuna cewa ci gaba da riƙe mamaci a zuciya, da ziyartar kabarinsa da ambatonsa, alamar lafiya ce ga mafi yawan mutane, wanda hakan ya raunana ra'ayin 1917 sosai.

Akwai kuma rashin da babu gawa. Pauline Boss ta jami'ar Minnesota ta fara aiki cikin shekarun 1970 da iyalan matuƙan jiragen yaƙin da suka ɓace a Biyetnam, ta kira halinsu rashi marar tabbas, domin ba su da ikon yin makoki kuma ba su da ikon cire rai. Shawararta ita ce kada a tilasta wa iyali yanke hukuncin da ba su da hujjarsa, a taimake su su ci gaba da rayuwa suna riƙe da yiwuwar biyu. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ɗauki wannan tunani a aikinta da iyalan ɓatattu, kuma ya dace da halin dubban gidaje a arewa maso gabashin Nijeriya, inda mace ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba.

A 2022 jadawalin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki da sabon suna, wato alhini mai tsawo, ga wanda baƙin ciki ya hana shi gudanar da rayuwarsa fiye da wata shida, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuma suka sa wa manya shekara guda. Masana da dama sun yi fargabar a mayar da ƙauna cuta, kuma fargabar tana da hujja. Abin da ya rage kaifinta shi ne sharaɗin da hukumar ta gindaya, cewa sai jimamin ya zarce abin da addini da al'adar mutum suka saba da shi, saboda haka likitan da ke duba matar da ta fito daga takabar wata huɗu da kwana goma dole ya fara tambayar abin da danginta da malamanta suke ɗauka daidai kafin ya rubuta mata sunan wata cuta.