Yadda Tamaula Ta Shiga Kano Ta Bayan Ganuwa

Wanda ke neman asalin gasar tamaula a Kano, kada ya fara daga cikin birni. Ya fita Waje tukuna. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, ba a daɗe ba aka yanka wa baƙi Sabon Gari a bayan ganuwa. Akawuna da ma'aikatan jirgi da na kantunan Turawa, yawancinsu mutanen Kudu, su ne suka cika shi, suka kuwa zo da wasan da suka koya a makarantun mishan. A lokacin nan samarin birni langa da kokawa suka sani.

'Yan wasan nan ba wanda tamaula ke ciyar da shi. Mutum ya wuni kan teburin ofis ko a tasha, da la'asar ya tuɓe ya shiga fili. Saboda haka wurin aiki shi ne uwar ƙungiya: can ake samun riguna da ƙwallo, can kuma ake roƙon izinin tafiya wasa wani gari. Wannan izini, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, ya fi riga wuyar samu.

A Ikko aka riga kowa shirya abin bisa ƙa'ida. Can aka fara gasar Kofin Gwamna cikin 1945, shekara takwas kuma kofin bai bar Ikko ba. Cikin 1953 sai 'yan wasan Kano, waɗanda aka tsamo daga ƙananan ƙungiyoyin gari, suka ci Dynamos ta Ikko biyu da ɗaya, suka ɗauko shi zuwa Arewa. Da shekara ta kewayo suka sāke kai wa wasan ƙarshe, amma Kalaba ta kā da su.

Al'adar jingina da wurin aiki ta yi ƙarko ƙwarai. Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa cikin 1978, sunan da ta ɗauka Kanawa sun daɗe da saninsa a cinikin gyaɗa. Kano Pillars ma, da aka kafa ta cikin 1990, ƙungiya uku aka narke aka ƙera ta: ta hukumar ruwa WRECA, da ta Bankin Arewa, da Golden Stars. Kafin ta ci gasar ƙasa karon farko cikin 2008, wasan ya riga ya ƙetare ganuwa: babban filinta yana Ƙofar Mata, tsohon kuwa yana Sabon Gari.