Ƙofar Karatun Likita A Samaru: Daga SBS Zuwa Kwamfuta

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu waiwayi tarihin wata ƙofa da ta sha hana iyaye da 'ya'yansu barci, wato ƙofar karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.

An buɗe jami'ar a 1962, aka soma koyar da likitanci a 1967. A wancan zamani jami'a ce ke zaɓen ɗalibanta da kanta. Da yake 'yan Arewa masu takardun shiga sun yi ƙaranci, sai ABU ta buɗe makarantar share fage ta SBS, a 1976 kuma aka kafa jarrabawar IJMB. Yaro zai fito daga ƙauye, a zaunar da shi a koya masa darussan kimiyya, sannan a gwada shi. Da yawa daga likitocin da suka duba iyayenmu ta nan suka bi.

A 1978 gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB. Mai neman likitanci zai rubuta darussa huɗu, Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, maki 400, duk a zama ɗaya. Da aka yi ta kukan satar amsa, sai a 2005 aka ba jami'o'i damar sake gwada ɗalibai da abin da aka kira Post-UME. Daga nan hawa ya zama biyu. Duk shekara sai ka ga Samaru ta cika maƙil da yara daga Funtuwa, Gusau har Yola, wasu su kwana gidan dangi, wasu a masallaci.

A 2010 aka sauya sunan jarrabawar zuwa UTME, a 2013 aka shigo da kwamfuta, zuwa 2015 aka yi sallama da takarda da fensir. A 2016 ministan ilmi Malam Adamu Adamu ya soke jarrabawa ta biyun, a 2017 aka dawo da ita, da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce Naira 2,000.

Kowane sauyi da dalilinsa, amma wa ya fi jin jiki? Ɗiyar ƙanwata tana da kai, sai dai ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura mako guda jarrabawa. A wani shagon intanet na Sabon Gari ta koya, ana cajin mu kuɗi duk awa. Wanda ubansa ke da hali tun firamare yake danne-danne, ga kuɗin lasin. Ɗan talaka kuwa kafin ya gane sabon tsari an kawo wani.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likita za ta ɗauka, gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwa, irin na Shika. Saboda haka ko yaro ya ci maki mai tsoka, yana iya ganin sunansa a wani fannin. An yi ta sauya kwaɗo da mabuɗi, ƙofar kuwa ba ta isa masu neman shiga ba.

Shawarata ga iyaye, a koya wa yara kwamfuta tun da wuri, kuma kada a manta hanyar IJMB tana nan. Idan yaro bai samu ba, kada a ce ya gaza.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.