Agwagwar da ta ɓace a ninkin zanin gado

Jacqueline ba ta cika wata takwas ba ranar da agwagwar wasanta ta zame ta faɗa cikin ninkin zanin gado. A kan idonta ta faɗa, kuma da ta miƙa hannu za ta taɓo ta. Amma da agwagwar ta ɓace wa ganinta, sai yarinyar ta kau da kai, kamar ba a taɓa yin ta ba. Mahaifinta, Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya rubuta abin da ya gani.

Shi da matarsa Valentine sun shafe shekaru suna irin wannan lura da 'ya'yansu uku, Jacqueline da Lucienne da Laurent, waɗanda aka haifa a 1925 da 1927 da 1931. Kayan aikinsu kayan gida ne: hula, matashin kai, agogon aljihu. A littafinsa na 1937 Piaget ya bayyana cewa jariri a hankali yake gane abu na nan ko ido bai gan shi ba. Wajen wata takwas yake fara ɗaga ƙyalle ya nemi abin da aka rufe. Ko a lokacin, in ya saba samunsa a dama, aka mayar da shi hagu yana kallo, dama zai koma. Sai tsakanin wata 18 da 24 fahimtar take cika.

A 1985 Renée Baillargeon, 'yar Kanada mai bincike a Amurka, ta girgiza wannan lissafi. Ita da abokan aikinta sun ajiye akwati a bayan wani allo mai juyawa. Da allon ya ratsa inda akwatin yake kamar babu komai, jarirai 'yan wata biyar suka ƙura ido fiye da yadda suka saba. Ashe sani yana riga hannu isowa.

Iyaye mata kuwa sun riga masana. A 1976 Jerome Bruner da Virginia Sherwood sun nazarci wasan rufe fuska da buɗewa, suka iske yana da tsari: a haɗa ido, a ɓuya, a bayyana, a sake haɗa ido. Maimaici ke koya wa jariri jira.  Da farko uwa ce mai ɓuya. Bayan 'yan watanni yaron da kansa yake jawo mayafi ya lulluɓe fuskarsa, ya yaye yana ƙyalƙyala dariya.