Daga Dokin Kara Zuwa Tifar Gwangwani: Asalin Ƙera Motar Wasa a Wudil

Kusan duk bayan 'yan makonni sai an yaɗa bidiyon wani yaro a Facebook ko TikTok, yana tsugune a ƙofar gida da 'yar tifar da ya ƙera da gwangwani da kwali. Ya danna wani abu, bodi ya ɗaga, yashi ya zube. Nan take jama'a su rabu biyu. Wasu su ce gwamnati ta ɗauki nauyinsa, a kai shi Chana ko Jamus kafin basirar ta lalace. Wasu kuma su ce wannan ai wasan yara ne, mu ma mun yi, me aka yi aka yi shi? Duk ɓangarorin biyu suna magana kamar abin daga sama ya faɗo. Alhali yana da asali, kuma mu da muka tashi a Wudil, a bakin gada da gefen babban titi, mun ga wani yanki na wannan tarihi da idonmu.

Tun kafin a san wata aba mai suna mota, yaron Bahaushe yana ƙera abin hawansa. Dokin kara ne, a lanƙwasa kan karan dawa, a ɗaura masa linzamin tsumma, a yi hawan sallah a lungu har da jafi. A garuruwan bakin kogi irin namu akwai ƙarin yumɓu, yara su gina shanu masu tozo da ƙaho, su shanya a rana. 'Yan mata na da 'yar tsana. Ka'idar dai guda ce: yaro yana kwaikwayon abin da manyan da yake sha'awa suke hawa ko suke taƙama da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya sauka a 1925, amma babu ɗayansu da ya bi ta Wudil. Abin da ya bi ta Wudil shi ne babbar mota.

A nan ne nake ganin asalin yake. Layin dogo bai kai Maiduguri ba sai 1964, saboda haka shekaru da dama kaya masu yawa na gabas, gyaɗa da fatu da kifi, a mota suke zuwa Kano, kuma hanyar ta kan kogin Wudil ta biyo. Har yau duk wanda ya fito daga Gaya, Dutse, Azare, Potiskum ko Birnin Kudu zai shiga birni, sai ya taka wannan gada. Ga kuma kasuwar shanu ta ranar Juma'a, wadda manyan motoci ke cika tun daren Alhamis suna jiran lodin Kudu. Yaron Wudil bai taɓa buƙatar hoto ko littafi don ya san ƙirar mota ba. Tana tsaye a gabansa yini guda, yana leƙa ƙarƙashinta, yana ƙirga tayoyinta, yana kallon yadda sifirin ke lotsawa idan an zuba kaya. Direban da ya diro daga kanta da tawul a wuya, yaran mota na rawar jiki a bayansa, shi ne ya gaji matsayin mahayin doki a idon yaro. Daga nan dokin kara ya sami kishiya.

Akwai masu cewa a'a, talauci ne: wai yaranmu sun ga motocin wasan Turawa a kantunan birni irin su Leventis, ba su da kuɗin saye, sai suka kwaikwaya. Ya kamata a saurari wannan magana, domin tarihin can ma yana da tsawo. A Ingila Frank Hornby na Libaful ya fito da Meccano a 1901, ƙarafuna masu huji da yaro ke haɗawa da noti. Kamfaninsa ya soma ƙananan motocin Dinky a 1934, Matchbox ta biyo a 1953. A Amurka kuwa abin ya ɗauki wani salo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kamfanoni irin su Revell da AMT da Monogram suka riƙa sayar da mota a wargaje cikin kwali: gangar jiki, inji, kujeru da tayoyi, duk na roba, an rage girmansu zuwa kashi ɗaya cikin 25 ko 24 na motar gaske. Mai saye ya yanke kowane gutsure, ya goge, ya manna, ya yi fenti. A 1958 AMT ta fara sa ƙarin kaya a kwalin, yadda mutum zai iya haɗa motar kamar yadda ta fito daga kamfani, ko ya mayar da ita ta ƙawa, ko ta tsere. Dalili kuwa shi ne a lokacin samarin Amurka sun haukace da sayen tsofaffin Ford, musamman ta 1932, su rage mata tsayi, su cire abin da ke ƙara nauyi, su dasa mata ƙaton inji. Ƙannensu da ba su isa tuƙi ba sai suka riƙa yin haka a kan tebur.

To amma a dubi abin da yaranmu suke ƙerawa. Da kwaikwayon kanti ne, da ƙananan motocin tsere za mu gani. Abin da muke gani shi ne gingimari mai bodin katako, tirelar shanu, tankar mai, a-kori-kura, tifar yashi irin waɗanda ke shiga kogin nan kullum. Sannan ta Ba'amurke ta ajiya ce, a gama a ɗora a kanta kada ƙura ta taɓa. Tamu kuwa ta tuƙi ce. Tana da dogon sitiyari da ya kai ƙirjin mai ita, idan ya murɗa tayoyin gaba su juya, kuma dole ta ɗauki kaya, ko da 'ya'yan kanya ne ko tsakuwa. Motar da ba ta ɗaukar lodi, a wurinmu ba ta cika mota ba. Labarin Amurkan ma, idan aka lura, ni yake goya wa baya: can da nan, yaro abin da yayyensa suke tuƙawa a kan titi yake ƙerawa, har da adon da suka yi masa.

Wasu kuma makarantar boko suke jingina wa abin. Gaskiya ne makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'ar hannu, kuma darasin aikin hannu ya daɗe a firamare. Sai dai duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san abin da malami ke cewa a kawo: tsintsiya, igiya, faifai, tabarma. Kuma kafin shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976, yawancin yaran karkara ba su taka aji ba, amma suna ƙera mota. Gwanayen da na sani a unguwarmu har da almajirai. Malaminsu na gaske shi ne wanda ya girme su da shekara biyu ko uku, sai kuma maƙerin da ke yanka gwangwani yana fitilar aci-balbal, wanda ake tsugunawa a gefensa ana satar hannu.

Yadda kayan aikin suka riƙa sauyawa shi kansa tarihin kasuwarmu ne. Motar farko ita ce ta kara, kuma tana da lokacinta: bayan kaka, an girbe dawa, kara ya bushe. A feƙe ɓawon a yi siraran tsinke, totuwar ciki a yayyanka ta, a riƙa soka tsinken a cikinta har fasalin kai da bodi su fito. Inda ake son ƙarfi a sa ƙayar aduwa. Taya kuwa sakaina ce, a feƙe ta a kan dutse har ta zama da'ira. Ba ta da nauyi, ba ta kuma da ƙarko, kwana kaɗan ta karye a sake wata. Sai aka sami langa-langa, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Wannan ya kawo babban ci gaba, domin yana lanƙwasuwa ya tsaya, kuma yana da ɗan tsalle, saboda haka aka fara yin sifirin na gaske. Yaro ya tura motarsa cikin rami ta lotsa ta miƙe, ya ji duniya ta yi masa daɗi. Ɗauri kuma da robar tsohon tiyub ɗin keke ake yi.

Shekarun 1970 su ne lokacin da abin ya bunƙasa, kuma ba don komai ba sai don titi ya cika da mota, bola kuma ta cika da gwangwani. Kuɗin mai sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya zo, a 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da Fijo 504, na Volkswagen a Legas yana haɗa ƙirar kunkuru. Aka kafa masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, ta Steyr a Bauchi. Gwangwanin madarar Peak, na Bournvita, na tumatir da na kifi suka wadata. A fasa gwangwani, a buge shi da dutse ya miƙe, a yanka da tsohon almakashi, a huda da ƙusa. Na kifi shi ne ya fi dacewa da bodin a-kori-kura, don dama fasalinsa ke nan. Masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai suka cika gari da silifas, tsinkakken silifas kuwa babu abin da ya kai shi yin taya: a ɗora bakin gwangwani a kai, a danna a murza, da'ira ta fita tsaf. Marfin kwalbar lemo ya zama wili, fasasshen madubi ya zama gilas, kwaltar da rana ta narkar a gefen titi ta zama gam.

Ado kuwa a nan ake gane gwani. Kai da taya kowa na iya yi. Amma a sa robar kare taɓo a bayan taya, a rataya tuntu a gaban gilas, a yi tsani a gefen bodi, a sa wurin ajiye jarka, a rubuta irin kalmomin da masu fenti ke rubutawa a goshin motocin Kudu da na Borno, wannan sai wanda ya ƙura wa mota ido da gaske. Ana yin tasha a gindin bishiya, da ɗan kamasho da yaron mota, ana lodi, ana faɗan layi. Har gardama ake yi a kan ko motar wane ta yi kama da Marsandi ko Daf, kuma yara ba sa yafe kuskuren fasali.

Abin ya ja baya, ba na musu. Motocin roba na Chana sun yi arha, waya ta ɗauke hankalin yara, gwangwani ya zama kuɗi a hannun 'yan jari-bola, kara kansa yanzu abincin dabba ne da makamashi da ake saye da sayarwa. Amma bai mutu ba, ya sauya kaya ne. Yaran bidiyon nan suna cire 'yar mota mai juyi daga mataccen rediyo, su haɗa da batirin waya, su ɗaga bodin tifa da sirinji biyu da siririn tiyo cike da ruwa. Wannan ita ce ainihin dabarar da tifar gaske ke aiki da ita, kuma babu wanda ya zana musu a allo. Masu cewa wasan yara ne kawai su tuna da Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda tun yana ƙarami yake zanen motoci, ya je Ditroyit ya yi karatu, ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya ya shugabanci hukumar tsara ƙirar motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. Su tuna da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007.

Masu cewa a kai yaro ƙasar waje su ma ina da ja da su. Ba kowane mai tifar gwangwani ne zai zama injiniya ba, kuma ɗauke ɗaya a bar dubu ba magani ba ne. Abin da ke hana yaron nan gaba sau da yawa ƙarami ne: bai san awo ba, bai san lissafin da zai sa ya ƙera guda biyu su fito daidai ba. Wannan kuwa a Wudil ake koyar da shi. Garin yana da kwalejin fasaha ta gwamnati, yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ba abu ne mai tsada ba sashen injiniya ya ware rana guda bayan kaka, ya tara yaran Wudil da Garko da Gaya da motocinsu, ɗalibai su zauna da su da rula da takarda, a nuna musu yadda ake rage girman motar gaske da lissafi. Gidan tarihi na Gidan Makama kuma ya dace ya nemi dattawan da hannunsu bai manta ba, su ƙera ta kara da ta langa-langa da ta gwangwani, a ajiye su jere, a rubuta garin da zamanin kowace.