TARIHIN MAKO: Daga Karen Toronto Zuwa Randar Ƙasa

Tarihinmu na wannan mako kan ciwon suga nau'i na ɗaya ne, wanda ya fi kama yara da samari. Ya bambanta da na manya da muka saba gani. A wannan nau'in, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ba shan zaƙi ne ke kawo shi ba, ba kuma laifin uwa ba ne.

Kafin shekarar 1922, duk yaron da ya kamu da shi, kwanansa ya ƙare. Iyakar dabarar likitocin Amurka, irin su Frederick Allen, ita ce a hana yaro abinci sai ɗan abin da zai riƙe numfashi, ya ƙara 'yan watanni yana ƙashi da fata. Tun 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare fankiriyas suka ga ya kamu da ciwon suga, don haka an san inda matsalar take. Ciro maganin ne ya gagara sama da shekara talatin.

A 1921 wani matashin likita mai suna Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka shiga ɗakin gwajin Farfesa Macleod a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, suna tatso ruwan fankiriyas suna yi wa karnuka marasa lafiya allura. James Collip ne ya tace ruwan har ya dace da jikin mutum. A watan Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 da ke bakin mutuwa a asibiti. Allurar farko ba ta yi wani tasiri ba. Ta biyu, ranar 23 ga wata, ta sauke sugan jininsa, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. A 1923 Banting da Best da Collip suka sayar wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaya kowannensu, don kada a mayar da shi hajar masu kuɗi. Wanda ya taɓa sayen kwalbar insulin a kemis a 'yan shekarun nan zai yi murmushin takaici idan ya ji wannan.

Shekara sittin ana tatsar insulin daga shanu da aladu, sai a 1982 aka fara sayar da Humulin, insulin irin na mutum da ake sa ƙwayoyin bakteriya su ƙera. Duk wannan riƙe rai ne, ciwon yana nan. Neman waraka ta gaske ya ɗauki hanyar dasa sababbin ƙwayoyi. A 2000, a garin Edmonton, tawagar James Shapiro ta dasa wa mutum bakwai ƙwayoyin da aka ciro daga mamata, dukansu suka ajiye allura na wani lokaci, ko da yake yawanci daga baya ana komawa. A 2022 Amurka ta amince da teplizumab, maganin da ke jinkirta bayyanar ciwon da kusan shekara biyu. A 2025 kuma kamfanin Vertex ya ba da rahoton cewa cikin mutum 12 da aka dasa wa ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji, 10 sun daina allura bayan shekara guda. Sai dai dole su riƙa shan maganin danne garkuwar jiki, wanda shi ma yana da nasa haɗarin.

To, mu dawo gida. Ƙasarmu ba baƙuwar ilimin magani ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Amma yaron Rara ko na wani ƙauye a Rabah da Goronyo da ya kamu da wannan ciwo a yau, sau da yawa halinsa ya fi kama da na yaran kafin 1922. Yana yawan fitsari har ya koma jiƙa shimfiɗa, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ci yana ramewa, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Sai a ce shawara ce, ko zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko iska. Kafin a kai ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya fara amai da numfashi sama-sama, wani ma ya suma. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa a kan na'urar gwajin suga ya isa a gane cikin minti guda. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: zogale da tafasa da duk wani jiƙo ba sa maye gurbin insulin a wannan nau'in. Yaron da aka tsayar wa allura don an samo sassaƙe, cikin 'yan kwanaki zai iya tafiya.

Ko an samu insulin ɗin, saura inda za a ajiye shi, domin zafi na rage ƙarfinsa, firji kuma sai da wuta. A nan ne binciken da a ganina ya fi kusa da mu ya shigo. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar da sakamakon gwaji bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya: kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu ko da zafi na kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Matsalar ita ce bazarar Sakkwato tana haura 40. Maganin wannan ratar kuwa na hannun maginan tukwanenmu. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar randa cikin randa: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye a inuwa mai iska. Shi don tumatir da alayyafo ya yi ta. A Sudan kuwa iyalai sun daɗe suna ajiye insulin a irin wannan tukunya, masu bincike sun auna sun ga tana sauke zafin sosai, musamman inda iska take a bushe kamar tamu. Sharaɗin kawai, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar, kuma kada a bar yashin ya bushe.