Mudun da Ake Auna Jami'ar Gwamnati da Shi

A shekarar 1983 mujallar U.S. News & World Report ta Amurka ta fara fitar da jadawalin martabar jami'o'i, kuma ba wani dogon lissafi ta yi ba a lokacin: shugabannin jami'o'i ta tambaya su faɗi waɗanda suke ganin sun yi zarra, ta tattara amsoshin ta jera. Daga nan abin ya yi rassa har ya zama sana'a mai zaman kanta. Jami'ar Jiao Tong ta birnin Shanghai ta fito da nata na duniya a 2003, Times Higher Education da QS suka biyo baya tare a 2004, kafin daga bisani su raba gari. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, galibin waɗannan jadawalai dukiyar jami'a suke aunawa da irin ɗaliban da ta tsinta, suna barin abin da ta mayar da ɗalibin bayan ya shigo hannunta. Kuma jami'ar gwamnati ce wannan awo ya fi tauyewa, domin ita an kafa ta ne don ta buɗe ƙofa.

Sai an duba cikin mudun kafin a gane inda tauyewar take. Jadawalin Shanghai yana ba da kashi 30 cikin 100 na maki ga lambobin yabo na Nobel da Fields waɗanda malamai ko tsofaffin ɗalibai suka samu, wato abin da mafi yawan jami'o'in duniya ba su taɓa jin ƙanshinsa ba. U.S. News kuwa ta shafe shekaru tana ƙirga albashin malamai, da kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi, da makin jarrabawar shiga, da gudummawar tsofaffin ɗalibai, har da yawan masu neman gurbi da aka mayar gida hannu rabbana. A kan waɗannan ta ɗora ra'ayin shugabannin wasu jami'o'i, wanda a gaskiya suna ne kawai ke haifar da suna, tun da ba wanda zai iya sanin abin da ke faruwa a azuzuwan ɗaruruwan makarantun da bai taɓa takawa ba. To, a ajiye wannan kusa da dokar Morrill ta 1862, wadda ta ba jihohin Amurka filaye don su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere saboda 'ya'yan manoma da leburori. Jami'ar da aka haifa da wannan manufa, in ta cika alkawarinta ta karɓi ɗan talakan da makarantarsa ta sakandare ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, makinta sauka yake yi. Kamar a ce za a yaba wa asibiti ne da ƙarancin mace-mace, alhali wanda ya zo na ɗaya masu lafiya kaɗai yake kwantarwa.

Matsalar ba ta tsaya ga kuskuren awo ba, domin mudun yakan sauya halin wanda ake aunawa. A 2009 wata ma'aikaciyar Jami'ar Clemson, jami'ar gwamnati a jihar Karolina ta Kudu, ta bayyana a wani taron masana yadda ake yi. A lokacin jadawalin U.S. News yana ba da maki ga ajin da bai kai ɗalibai 20 ba, don haka sai a rage ajin mai 20 ko 25 ya koma 18 ko 19, a bar mai 55 ya kumbura ya kai 70, tun da shi dama ba ya kawo maki. Hukumar jami'ar ta musanta wasu daga cikin kalamanta, amma dabarar a bayyane take ga duk mai lissafi: ɗaliban ba su ƙaru ba, malaman ba su ƙaru ba, kujeru kawai aka sake jerawa. Wasu ma sun wuce dabara sun kai ga algus. A 2021 kotu ta sami tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple da laifin zamba kan alƙaluman ƙarya da aka aika wa mujallar, kuma a 2022 Jami'ar Columbia, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 bayan wani farfesanta na lissafi, Michael Thaddeus, ya bi diddigin alƙalumanta ya tona asiri.

Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda mujallar ta bayar da hannunta a 2023. A wannan shekara ta jefar da girman aji da gudummawar tsofaffin ɗalibai daga ma'auninta, ta ƙara nauyi ga yawan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suke kammala karatu. Nan take jami'o'in gwamnati da dama suka yi sama, Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Fresno ta haura fiye da matakai 60, Vanderbilt mai zaman kanta ta sauka daga ta 13 zuwa ta 18, shugabanninta suka yi ta ƙorafi. Ba wani malami da ya ƙara ilimi cikin dare ɗaya a Fresno. Mai awo ne ya canja mudu. Wannan ya nuna cewa lambar da ake bugawa a kan allunan talla hukunci ne na editoci game da abin da ya kamata jami'a ta kasance, an dai sanya masa rigar lissafi.

Masu kare jadawalin suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kafin zuwansa iyaye ba su da komai sai jita-jita da takardun tallar makarantu, sannan jami'ar gwamnati da dukiyar al'umma take tafiya, bai kamata ta fake da sunan hidimar talaka ta ɓoye lalaci ba. Haka ne, akwai shugabannin da kalmar manufa ta zame musu mafaka duk lokacin da aka tambaye su ɗalibai nawa suka kammala. Sai dai wannan hujja bayyana alƙaluma take buƙata, ba narka su a tukunya ɗaya a fito da lamba guda ba. Binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya nuna hanyar: sun haɗa bayanan harajin iyaye da na 'ya'yansu, suka tambayi wace makaranta ce ta fi ɗauko yaro daga ƙasan tsani ta kai shi sama. Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Los Angeles da kwalejojin gwamnatin birnin New York suka fito a sahun gaba. Bayanan sun kuma nuna cewa a manyan makarantu 38, 'ya'yan kashi 1 mafi arziki sun fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa yawa gaba ɗayansu. Shi ma wannan awo ba a rasa shi da giɓi, tun da albashi ya dogara da garin da mutum ya sami aiki da fannin da ya karanta, kuma jami'ar da ke yaye malaman firamare za ta zo ƙasa da mai yaye ma'aikatan banki. Amma aƙalla tambayar da yake yi ta shafi aikin da aka kafa makarantar dominsa.

Wannan muhawara ta taɓa mu kai tsaye, domin da taimakon Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin 'ya'yan dokar Morrill, aka raini tsangayoyin noma da likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962. Irin masara ko wake da aka inganta a Samaru ya isa gonakin Giwa da Funtuwa ba ya shiga lissafin Shanghai, haka kundin nazarin rubuce-rubucen ajami da aka yi da Hausa a Kano, domin rumbunan da ake ƙirga wallafe-wallafe daga cikinsu Ingilishi ya mamaye su. A ɗaya gefen kuma, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na watanni takwas a 2022, wanda ya zaunar da ɗaliban jami'o'in tarayya a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba shi da gurbi a kowane jadawali na duniya, alhali uban da ke neman wa 'yarsa makaranta abin da ya fara tambaya ke nan: digirin shekara huɗu, shekara nawa yake ci a can? Ficewa daga jadawalin ma ba kowa ke iya ta ba. Jami'ar Utrecht ta Holan ta janye daga jadawalin Times Higher Education a 2023, kuma sunanta ya isa ya ɗauke ta. Jami'ar jihar da aka kafa shekaru goma sha da suka wuce ba ta da wannan gata, ga majalisar da ke rattaba hannu kan kasafinta tana duba lamba.